Ƙasa da Harsashi: Abin da ke Riƙe da Hasumiyar Sadarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne dogon ƙarfen nan da kowa ke gani a unguwarsu, wanda jama'a ke kira ƙarfen sabis, mu kuwa a nan za mu kira shi hasumiyar sadarwa. Sai dai hankalinmu zai fi karkata ne ga abin da ke binne a ƙarƙashinta, watau harsashi, ko fandisho a bakin magina, da kuma ƙasar da aka kafa harsashin a cikinta. Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta kankama a Nijeriya waɗannan hasumiyoyi suke ta tsira, a bayan gidaje, a gefen kasuwa, a maƙwabtan makarantu. Da yawansu a filayen mutane suke, waɗanda aka karɓa haya. Mai fili ya sa hannu, ya karɓi kuɗinsa, sa'an nan shi da iyalinsa da maƙwabtansa su riƙa kwana a gindin tan goma na ƙarfe, ba tare da wani ya taɓa zaunar da su ya gaya musu, cikin harshen da suke ji, abin da ke riƙe da shi ba.

Wannan shi ne dalili na farko da ya sa malamin Hausa ya tsoma baki cikin zancen injiniyoyi. Dalili na biyu kuwa shi ne, Bahaushe ya daɗe da sanin ƙasa. Manomi da magini da mai haƙar rijiya da mai ginin tukwane sun ba kowace irin ƙasa suna, kuma kowane suna yana ɗauke da labarin halinta. Zan so in nuna cewa akasarin abin da injiniya ke aunawa da na'ura, akwai kalmarsa a wurinmu.

Iska

Gida, na ƙasa ne ko na bulo, danna ƙasa kawai yake yi. Saboda haka tunanin magini a kullum shi ne, shin ƙasar nan za ta ɗauki nauyin ginin? Hasumiyar ƙarfe ba haka take ba. Nauyinta kaɗan ne in an gwada da tsawonta, kuma babbar abokiyar gabarta iska ce. Ku dubi bishiyar da iskar hadari ta kayar: saiwoyin da ke wajen da iskar ta fito su ne suka tumɓuko suka yi sama, na ɗaya ɓangaren kuwa suka nutse. Haka ƙafafun hasumiya suke. Yayin da iska ta buso, waɗansu ƙafafun na danna ƙasa, waɗansu na neman tsigewa. Da yake iska na iya fitowa ta kowace fuska, tilas kowace ƙafa ta iya jure wa duka biyun.

Bari mu yi ɗan lissafi, da adadin da muka zaɓa don misali kawai. A ƙaddara hasumiya ce mai ƙafa huɗu, tsawonta mita 50, nauyinta tan 10, tsakanin ƙafa da ƙafa mita 6. A ƙaddara kuma iska ta tura ta da ƙarfin tan 5, kuma turawar ta taru a tsayin mita 30. Mu ninka 5 sau 30, ya ba mu 150. Wannan shi ne ƙarfin da ke neman kifar da ita. In iskar ta buso ta kusurwa, ƙafa ɗaya ce tak za ta fuskanci tsigewar, tazarar da ke tsakaninta da kishiyarta kuwa kimanin mita 8 da rabi ce. Mu raba 150 da wannan, sai mu sami kusan tan 18. Rabon wannan ƙafa daga nauyin hasumiyar tan 2 da rabi ne kurum. Ke nan akwai fiye da tan 15 da ke jan ƙafa ɗaya sama, ba abin da zai hana ta fita sai abin da aka binne a ƙasa.

Har ila yau, ƙarfin turawar iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ninka sau biyu, turawar sau huɗu take ninkawa. Mu a ƙasar Hausa mun san lokacin da wannan ke faruwa: iskar da ke gaban hadari, musamman a farkon damina da kuma ƙarshenta, wadda galibi daga gabas take tasowa. Maginan gargajiya sun san da ita, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane shan yaɓe da makuba.

Sunayen ƙasa

Yanzu sai mu juya ga ƙasar kanta. Abu na farko da za a kawar daga lissafi shi ne ƙasar sama, baƙar nan mai taki da saiwoyi wadda manomi ke so. Abin da ya sa ta yi kyau ga shuka shi ne ya sa ba ta da amfani ga gini, domin tana ruɓewa tana raguwa. Kwashe ta ake yi gaba ɗaya.

Jigawa, watau ƙasa mai rairayi irin ta arewacin Kano da Katsina da Yobe da kudancin Nijar, ba ta riƙe ruwa, ba ta kumbura, kuma in ta matsu tana ɗaukar nauyi sosai. Aibinta biyu ne. Wata tana kwance ne sako-sako kamar yadda iska ta tara ta, sa'an nan bakin rami ba ya tsayawa a cikinta. Duk mai haƙar rijiya ya san yadda rairayi ke rufta wa mutum.

Jangargari da burji da marmara su ne abin son injiniya a wannan yanki namu. Su ne ma ake ɗiba ana cike hanyoyin mota. Amma marmara tana da yaudara. Sau da yawa ɓawo ce kawai, mai kaurin mita ɗaya ko biyu, a ƙarƙashinta kuwa akwai ruɓaɓɓen dutse mai laushi, wanda in ya sha ruwa sai ya zama kamar kunu. Lebura ya sari marmara da diga ya ji tana ƙara, ɗan kwangila ya yi murna ya ce an kai ga dutse. Ba a kai ba.

A ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina, tsohon dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin kome, wani wuri ya ɓullo fili ya zama fa ko tsauni, wani wuri ya nutse mita da yawa. Abin lura a nan shi ne, zurfinsa na iya sauyawa cikin 'yar gajeriyar tazara. Ana iya samun ƙafa biyu na hasumiya a kan falalen dutse, biyu a kan ƙasa mai laushi. Wannan ya fi a ce duka huɗun suna kan ƙasa mai laushi haɗari, domin hasumiyar da ta nutse bai ɗaya tana nan a miƙe, wadda kuwa gefe ɗaya ya nutse ta karkace ke nan, kuma santimita ɗaya a gindi santimita takwas ce ko fiye a ƙoli.

Fadama kowa ya san ta: ruwa kusa, laka da taɓo, ƙasa ba ƙwari. Kwarin Haɗeja zuwa Nguru da fadamun Rima misalai ne. Amma wadda ta fi kowace wuyar sha'ani ita ce baƙar lakar nan mai tsagewa da rani, wadda Barebari ke kira firki, Fulanin arewacin Kamaru ke kira karal, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye, kamar a wajajen Dikwa da Ngala. Da damina tana shan ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsuke, ta dare har mutum ya zura hannu. Ƙarfin kumburinta na iya ɗaga ƙaramin gini. Ginin da ba shi da nauyi kuwa, irin hasumiyarmu da katangar da ke kewaye da ita da dandamalin janareta, shi ya fi shan wahalarta.

Akwai kuma ƙasar da ɗan'adam ya yi da hannunsa. Tsofaffin biranenmu, musamman Kano, cike suke da kududdufai, inda aka ɗebi ƙasar gina gidaje. Da yawa an cike su da shara da juji, yau an yanka su fuloti. A ido fili ne sumul, amma a ƙasa toka ce da tsumma da leda. Taswira ba lalle ta nuna wannan ba. Dattijon unguwa ya sani, in an tambaye shi.

Binciken fili

Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Haka labarin ƙasa yake, sai an tona. Ilmin auna ƙasa don gini bai daɗe ba. Ana lasafta farkonsa ne daga littafin da Karl Terzaghi ya buga a 1925. Kafin nan injiniyoyi ma da ido da ƙwarewa suke aiki, kamar maginanmu.

Akan fara da haƙa ramukan gwaji na mita biyu ko uku, a ga jerin ƙasar da ido. Sa'an nan a huda rami mai zurfi da na'ura, irin ta burtsatse, har a wuce iyakar inda nauyin harsashi zai yi tasiri. Cikin wannan rami ake yin gwajin da ya fi kowane yaɗuwa a duniya. Ana zura bututun ƙarfe, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63 da rabi daga tsayin santimita 76, a ƙidaya bugu nawa aka yi kafin ya nutse santimita 30. A cikin rairayi, in bugun bai kai 10 ba ƙasar sako-sako ce. In ya haura 30 ta matsu ƙwarai. Babu wani sihiri a ciki. Mai kafa turken doki ma da yawan bugu yake gane taurin wuri, bambancin kawai shi ne an daidaita nauyin gudumar da tsayin faɗuwarta, don adadin Kano ya yi ma'ana ɗaya da na Landan.

Ƙasar da aka ciro ana kai ta ɗakin gwaji. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, wanda Albert Atterberg ɗan ƙasar Suwidin ya fito da shi a 1911, shi kansa kuwa masanin ƙasar noma ne, shi ne a jiƙa ƙasa a murza ta a tafin hannu ta zama zare mai kaurin milimita 3, a ga da wane yawan ruwa take fara kakkaryewa. Mace mai ginin tukwane da ta ga wannan za ta yi dariya, domin haka take gane yumɓu mai kyau. Ƙasar da ke daɗewa tana danƙo, da ruwa kaɗan da ruwa mai yawa, ita ce ake zargi da kumburi.

Ana kuma duba gishirin da ke cikin ƙasa da ruwanta. A yankin Sakkwato, alal misali, akwai shimfiɗun laka masu farin ma'adinin nan da ake haƙowa a wajen Dange, irin wanda ake sa wa siminti ɗan kaɗan a masana'anta. In ya yi yawa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan ci kankare sannu a hankali, sai an nemi siminti na musamman mai jure masa.

Abin da na fi so ku riƙe a wannan sashe shi ne zancen ruwan ƙasa. Mu koma ga ƙafar nan tamu da tan 15 ke ja. A ce an binne mata faifan kankare mai mita 3 tsawo, mita 3 faɗi, rabin mita kauri, da ƙasa mita 2 a kansa. Kankaren zai yi kusan tan 11, ƙasar da ke danne da shi kimanin tan 32, jimla tan 43. An tsira da rata mai yawa. To, amma duk abin da ke cikin ruwa yana rasa nauyi daidai da ruwan da ya ture; wanda ya taɓa jan guga ya san ta fi nauyi bayan ta fito daga ruwa. In ruwan ƙasa ya taso har sama, wannan tan 43 zai koma wajen tan 24. Kusan rabi ya tafi, alhali ba abin da ya sauya a ido. Saboda haka injiniyan da ya auna fili a watan Maris, ya ga rami a bushe, ya rubuta cewa babu ruwa, bai gama aikinsa ba. Sai ya leƙa rijiyoyin unguwa, ya tambayi inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta da Satumba.

Zaɓen harsashi

In ƙasa mai ƙwari ce kuma ruwa na nesa, abin da aka saba shi ne wanda muka yi misali da shi: kowace ƙafa da faifanta a ƙasa, da ginshiƙin kankare da ya taso daga faifan zuwa sama, inda ake ɗaure ƙafar. Shi ya fi araha. In ƙasar ba ta da ƙarfi sosai, ko halinta ya bambanta daga kusurwa zuwa kusurwa, ko filin ya yi ƙanƙanta, sai a zuba faifai guda ɗaya babba, kamar tabarma, wanda zai ɗauki ƙafafun duka. Yana cin siminti da rodi, amma yana baza nauyi, kuma ba ya barin ƙafa ɗaya ta nutse ita kaɗai.

Inda ƙasar sama ba ta da amfani sam, kamar fadama ko tsohon kududdufi, sai a wuce ta. A huda ramuka masu zurfi, a zura rodi, a cika da kankare, su zama turaku da suka kai ga ƙasa mai ƙarfi. Turken yana riƙewa ta hanya biyu, da gindinsa da kuma kamun da ƙasa ta yi wa jikinsa. A firki kuwa dabarar ita ce a kai harsashin ƙasa da iyakar inda danshi ke sauyawa tsakanin rani da damina, wani lokaci a buɗa gindin turken kamar ƙararrawa don kada kumburi ya tura shi sama, ko kuma a kwashe lakar a maye gurbinta da burji. A kan fa, ba a bukatar tarin kankare: a huda dutsen, a dasa sandunan ƙarfe, a liƙe su da kunun siminti, dutsen kansa ya zama harsashi, muddin an tabbata ba ƙaton dutse ne guda da ke zaune cikin ƙasa ba.

Hasumiya mai sanda ɗaya, da kuma siririyar nan mai igiyoyin ƙarfe irin ta gidajen rediyo, kowace da nata tsarin. Ta farko duk ƙarfin kifarwa a wuri ɗaya yake taruwa. Ta biyu gindinta danna ƙasa kawai yake yi, rayuwarta na ga tubalan kankare da aka binne nesa, inda igiyoyin suka ƙare, don haka tana cin fili.

Kada a ɗauka zurfi shi ne kome. Hasumiyar Pisa ta Italiya, wadda aka fara a 1173, harsashinta kimanin mita 3 ne, ta kuwa fara karkata tun ana hawa na uku, saboda ƙasar da ke kudancinta ta fi ta arewa laushi. Sai da aka rufe ta a 1990, aka yi ta zaro ƙasa kaɗan kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren arewa, kafin a sake buɗe ta a 2001. Hasumiyar talabijin ta Ostankino a Mosko kuwa, wadda Nikolai Nikitin ya tsara aka gama a 1967, tsawonta mita 540 ne, ta ninka ta Pisa kusan sau goma, amma zurfin harsashinta bai kai mita 5 ba. Faffaɗan zobe ne na kankare, nauyin ginin kuma, fiye da tan dubu 50, ya taru ne a ƙasa ƙasa. Zurfin nasu bai bambanta da yawa ba. Na Mosko an tsara shi ne bayan an san abin da ke ƙarƙashi.

Ranar aiki

Zane mai kyau yakan lalace a hannun mai gaggawa. Bayan an kwashe ƙasar sama, a tone saiwoyi, a bi gidan gara har ƙarshensa, domin suri ƙofa ce kawai, ramukan na ƙasa. In an kai zurfin da aka tsara, injiniya ya sauka ya duba ko ƙasar da ke gindin ramin ita ce wadda rahoto ya ambata. Kada a bar ramin ya kwana cikin ruwan sama. In ya jiƙe, a kankare taɓon kafin a ci gaba. Sai a shimfiɗa siririn kankare na share fage, a ɗaura rodi a kansa, a bar tazarar santimita 5 zuwa 7 da rabi tsakanin rodi da ƙasa don tsatsa. Manyan kusoshin da za su kama ƙafafun hasumiya ana kafa su ne da ma'auni kafin a zuba kankare, domin in ya daskare ba gyara.

Kankare ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake yi da ruwa ya yi ƙarfi. Zafinmu da iskar hunturu suna shanye ruwan kafin ya gama aikinsa, don haka a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Cikakken ƙarfinsa a kwana 28 ake auna shi, ta hanyar fasa 'yan tubalan gwaji da aka ɗiba ranar zubi. Ƙara wa kwaɓi ruwa don ya yi wa lebura sauƙin zubawa kuwa, rage masa ƙarfi ne kai tsaye.

Saura cikon rami, wanda a ganina shi aka fi rainawa. Kun ga a lissafinmu tan 32 daga cikin 43 ƙasar ciko ce. Watau ƙasar da aka mayar rami ita ce mafi yawan harsashin. In aka tura ta da shebur aka watsa ruwa aka tafi, nauyin da aka lasafta babu shi, kuma damina ɗaya za ta mayar da wurin kwatami mai tara ruwa a gindin ƙarfe. Ƙa'ida ita ce a zuba ta hawa hawa, kowane hawa santimita 15 zuwa 20, a daddaɓe shi da inji kafin a ƙara wani. Wani injiniya Ba'amurke, Ralph Proctor, ya nuna a 1933 cewa kowace ƙasa tana da wani yawan danshi da ta fi matsuwa a kansa. In ta bushe ba ta kamuwa, in ta jiƙe da yawa sai ta riƙa zillewa. Matan da ke daɓen ɗaki suna yayyafa ruwa suna bugu da madaɓi sun riga shi sani, shi dai ya sa wa abin adadi. A ƙarshe a ɗaga filin ya ɗan fi kewayensa tudu, a yi masa magudana, ruwa ya bi ya wuce. Kafin a rufe ramin ne kuma ake binne wayar tagulla da sandunan da za su kai tsawa ƙasa. A jigawa busasshiya sai an ƙara yawansu ko zurfinsu, domin busasshen rairayi ba ya karɓar lantarki.

Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin kafa irin waɗannan hasumiyoyi a 2009. Amma hukuma ba ta kwana a gindin ƙarfe, mai fili da maƙwabtansa ke kwana. Abubuwa uku ne ya kamata mai fili, ko mai unguwa a madadin jama'arsa, ya nemi a nuna masa kuma a fassara masa: rahoton binciken ƙasa na wannan fili kansa, ba na wani fili a wani gari ba, zanen harsashi mai sa hannun injiniya mai rajista, da sakamakon gwajin kankare. Bayan an gama kuma ya riƙa sa ido. Yau kamfanoni da yawa kan haɗu a hasumiya ɗaya, kowane ya rataya nasa faranti da akwati, kowane faranti kuwa ƙarin abin da iska za ta kama ne, alhali harsashin na nan yadda aka zuba shi tun farko. In ya ga ana ƙara kaya, yana da damar ya tambaya ko an sake lissafi. In ya ga kankaren gindi ya tsage, ko ƙasa ta dare a kewayensa, ko ruwa na kwana a wurin, ko noti ya yi tsatsa, ya kai rahoto tun da rani, kada ya jira hadarin farko.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.